Kiwon Gara a Ɗakin Walubengo

Tun ranar da tsohon mai unguwar Sikulu ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya mayar wa dagaci sandarsa, maƙwabcina Walubengo ya canza tafiya. Ya koma goya hannuwa a baya, sai ya yi gyaran murya kafin ya amsa gaisuwa, yana tsayawa a bakin gonakin mutane yana girgiza kai ba wanda ya tambaye shi. Dagaci ya aiko cewa zai zo ranar Asabar ta sama, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, mai dogon layi ya karɓi sanda. Mutum biyu suka fito. Akwai Situma, wanda magana ke yi masa wuya kamar biyan haraji, sai kuma Walubengo, wanda ko a coci sai an roƙe shi yake yin shiru.

Ni Nasambu, danga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, wani ma da bargona aka yi shi.

A garinmu ba a tsayawa bayan mutum da yunwa. Situma yana da kaji cike da gida, kowa ya san me za a ci a wurinsa. Kajin Walubengo kuwa sun mutu tun bara, bayan ya ɗura musu wani magani da ya haɗa da kansa don su riƙa yin ƙwai biyu a rana. Saboda haka da maza suka kewaye tukunyar giya a gidan tsoho Mangoli, kowa da dogon tsinkensa mai rami yana zuƙa, sai aka fara tsokanarsa.

"Ranka ya daɗe mai jiran gado," in ji Mangoli, "mu da za mu tsaya bayanka, me za mu ci? Jawabi?"

Walubengo ya zare tsinke daga baki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kaza? Wane gida ne babu kaza? Ni shinge zan ciyar da ku. Soyayye, da gishirinsa, kowa ya zo da kwanonsa."

Aka kwashe da dariya. Shinge dai kowa ya sani, garar nan ce mai fiffike da ke fitowa daga suri in ruwan farko ya sauka, kuma a Sikulu akwai wanda zai bar nama ya ɗauke ta. To amma muna tsakiyar rani, ƙasa ta tsage, ko gajimare ɗaya babu.

"Wane surin ne zai ba ka shinge yanzu?"

"Surin jeji na marasa dabara ne," in ji shi. "Ni nawa a ɗaki suke kwana."

Washegari matarsa Namaemba ta leƙo ta kan danga, fuskarta ba walwala. "Yaya Nasambu, don Allah zo ki gane mini wani abu, ko ni ce na haukace."

Na bi ta. Ɗakinsu zagayayye ne na ciyawa, irin na iyayenmu, da ginshiƙi ɗaya a tsakiya yana riƙe da jinka. Ina shiga na ga abin. Layukan jar ƙasa, kaurin yatsa, sun taso daga daɓe sun bi bango har sun shige cikin itatuwan rufi. Ta sa farce ta karya ɗaya, fararen gara suka zubo suna gudu.

"Jiya ma na karya nan," ta ce. "Da safe na tarar sun gyara."

Ta ƙwanƙwasa dogarin ƙofa, ya amsa kamar busasshen gora. Ta nuna mini kwanon tuwon da ta rufe rabi, garin ƙasa ya zubo a kai daga sama. Sannan ta ce in kara kunnena a ginshiƙi. Na kara. Can ciki na ji wani siririn sauti, shuu shuu, kamar ana zuba yashi a kan busasshen ganyen ayaba. Ɗakin kakata haka ya yi kafin ya rushe.

"Namaemba, wannan ɗakin cinye shi ake yi."

"Wa ke cinye shi?" Maigidan ne a bakin ƙofa, yana ta kokawa da ita don ta buɗe sosai. Da ƙyar ya kutso ta gefe. "Ke Nasambu, kin taɓa zuwa Eldoret?"

Na san inda za a. Walubengo ya taɓa yin gadi a wata ma'aikatar katako a birnin Eldoret, kuma tun daga lokacin babu itacen da ya isa ya ɓoye masa sirri.

"Ban taɓa ba. Amma na taɓa ganin gara."

"Kin ga gara, ba ki karance ta ba." Ya ɗauki sanda yana nuna layukan. "Waɗannan hanyoyi ne. Shekara nawa muna roƙon a yi mana hanya zuwa kasuwa? Waɗannan bayin Allah kafin gari ya waye sun shimfiɗa tasu, ba taro, ba kwamiti. In na hau, irin aikin da za ku gani ke nan."

"To dogarin ƙofar da ya zama fanko fa?"

"Itacen kirki shi ke amsawa in an buga shi. A Eldoret wanda bai yi amo ba murhu muke kai shi."

"Ƙofar da ta ƙi buɗuwa fa?"

"Ƙiba ta yi. Gida ne mai albarka."

Namaemba ta tura masa kwanon tuwo gabansa. "Baban Khisa, wannan fa? Ƙasa muke ci."

"Mata masu ciki har kasuwa suke zuwa sayen ƙasa. Ke ana sauko miki da ita kyauta kina ƙorafi."

Ta sassauta murya, don mace ce mai haƙuri, haƙurin da ni ba ni da shi. "Ka saurare ni. Waɗannan ba masu ba da shinge ba ne, masu cin gida ne. Bari in kira masu haƙa su bi hanyar su tono uwarsu, mu shafe ginshiƙin da baƙin mai da toka. Ko yanzu aka yi, ɗakin zai tsira."

Ya dafe ƙirji. "Ki kashe mini dabbobi? Wata macen in mijinta ya shigo da garke gida guɗa take yi. Duk wanda ya taɓa hanya ɗaya a ɗakin nan, ni da shi ne a gaban dagaci."

Daga ranar ya shiga kiwo gadan-gadan. Ya kwaso karan masara ya jera a gindin bango. Ya kwashe itacen girkin matarsa ya jingina da ginshiƙi don kada dabbobi su wahala wajen neman abinci. Kowace safiya sai ya tuttula tulu guda na ruwa a gindin ginshiƙin, ruwan da Namaemba ke ɗaukowa a ka daga rafi, yana yi musu magana a hankali: "Ku sha, ku yi fiffike. Asabar ce ranarku."

Garar kuwa ba ta raina kyauta ba. Layukan da suke kaurin yatsa suka koma faɗin tafin hannu. Wasu suka haɗe suka zama faci, bango ya yi kamar an yaɓa masa sabuwar laka.

Ana cikin haka malamin cocinmu, Wakoli, ya zo yi wa ɗan takara addu'a, kamar yadda ya yi wa Situma. Mutum ne mai jiki, Allah ya yi masa albarkar tumbi. Walubengo ya fito masa da kujerar kakansa mai ƙafa uku, wadda ko ɗansa ba ya bari ya taɓa. Malam ya zauna, ya rufe ido, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Ubangiji, kai ne mai ɗaukaka wanda ka so, kai ne mai saukar da..." Kujerar ba ta ko yi ƙara ba. Narkewa ta yi kawai. Sai ga malam a ƙasa, ƙafafu a sama, ƙura ta turnuƙe, fararen gara suna ta hawa wandonsa.

"Amin," in ji Namaemba daga madafa.

Malam ya miƙe yana kakkaɓe jiki yana tsalle, yana faɗin wasu kalmomi da ban taɓa ji a bakinsa ranar Lahadi ba. Walubengo ya tsaya yana duban tarkacen, ya gyaɗa kai.

"Kada ka ji haushi, Malam. Kujerar sarauta ce. Ta san wanda ya hau ta."

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Mutane suka fara zuwa kallo, shi kuwa ya ɗauka kamfe ne ke ci. Yana tsaye da sandarsa yana zagayawa da su, yana nuna musu inda "manyan" suke da inda "'yan maruƙa" suke. Nambuye matar Situma ma ta zo, da kwandonta a ka, wai hanya ce ta biyo da ita.

"Sannu da kiwo, maigida. Yaushe za a fara tatsa?"

"Ki je ki gaya wa mijinki ya fara koyon yi mini gaisuwa."

"Zan faɗa masa. Amma wannan ginshiƙin naka kamar ya ɗan rusuna, ko idona ne?"

"Ladabi yake yi. Ya riga mijinki ganewa."

Ya kai wa dogarin ƙofa mari don ya nuna mata ƙarfinsa, hannunsa ya shige ciki har wuyan hannu. Ya bar shi a can, ya ci gaba da magana yana jingine, kamar da ma haka ya yi niyya. Sai da baƙi suka watse ya kira matarsa ta taimaka ta zaro shi, yatsunsa duk sun kumbura da cizo.

Namaemba ta daina gardama. Ta koma kwashe kayanta ɗaya bayan ɗaya tana miƙo mini ta kan danga: tukwane, kayan zuwa coci, buhun wake, hoton aurensu. Da ya lura, murna ya yi. Ya gaya wa abokan shansa cewa a ƙarshe matar ta waye, tana faɗaɗa wa garke wuri.

Ranar Asabar tun da hantsi ya bi gida gida yana aron barguna. Ni ma na ba shi nawa, mai ratsin ja, wanda ɗana ya aiko mini daga Nakuru. Ban san abin da ya hau kaina ba.

Kowace yarinya a Sikulu ta san yadda ake yaudarar shinge. A kafa 'yan sanduna a lanƙwasa su a kan ramukan suri, a rufe da bargo, a haƙa ɗan rami a shimfiɗa ganyen ayaba. Sai mata su zauna su riƙa buga 'yan ƙirare a kan gungume, ƙas ƙas ƙas, a hankali, har na cikin ƙasa su ɗauka ruwan sama ne ke sauka su fito. Wata tsohuwa ta ce ko da yake ba lokacinsa ba ne, bari ta tara mata su gwada masa.

"Wannan ƙas ƙas ɗin naku yayyafi ne," in ji Walubengo. "Da yayyafi za a ciyar da gari guda? Ni ruwa kamar da bakin ƙwarya nake so, da tsawarsa."

Ya tara abokan shansa, ya riga ya jiƙa musu maƙoshi, ya raba musu taɓare. Ya aro babbar ganga. Ya jera su kewaye da ɗakin, ya ce su daki ƙasa, su daki bango, kuma ko sama ta faɗo kada wanda ya tsaya sai ya ce. Barguna kuwa ba a kan rami ya sa aka shimfiɗa su ba. Jinkar ɗakin gaba ɗaya aka lulluɓe, domin a cewarsa ɗakin ne surin. Sannan ya sa aka yi ta watsa musu ruwa har suka jiƙe sharkaf, don dabbobi su ji sanyin damina. A tsakar gida an hura wuta a murhu da dama, an ɗora manyan kasake suna jiran abin soyawa. Jama'a sun cika wuri da kwanoninsu, rabi yunwa ta kawo su, rabi kallo.

Wani daga cikin masu shimfiɗa barguna ya dafa sandar da ke tsaye a ƙololuwar jinka don kada ya zame. Sandar ta gutsure a hannunsa, ashe ita ma an cinye cikinta, ta gangara ta faɗa bayan ɗaki. Wannan sandar ba ta sauka daga kan ɗaki sai maigida ya mutu. Tawa an sauke ta bayan rasuwar mijina, kuma har yau in na dawo daga rafi ba na son ɗaga kai in dubi wurin.

"Baban Khisa, sandar!" in ji Namaemba. "A mayar da ita yanzu."

"Bayan zaɓe. Mai unguwa sabuwa zai sa. Ku buga!"

Aka fara. Ƙasa tana girgiza, ganga tana ruri, ƙura tana tashi daga bango, hayaƙi ya miƙe sama.

Gidan Walubengo a kwari yake, hanyar kasuwa kuma ta kan tudu ta biyo. A daidai lokacin ayarin mata suna saukowa, cikinsu har da Nabwile, mahaifiyar Namaemba, wadda ta taso daga ƙauyensu don ta ga yadda zaɓen surukinta zai kaya. Suka hango taro. Suka hango hayaƙin manyan murhu. Suka ji ganga. Suka dubi kan ɗakin, babu sanda. Nabwile ta yar da kwandonta, ta ɗora hannu biyu a ka, ta kurma ihu.

Kukan mutuwa a wurinmu ba ya jiran a tabbatar. Gidan da ya ji zai karɓa ya miƙa wa na gaba. Kafin ka ce me, tudu ya ɗauka, ƙetaren rafi ya ɗauka, mutane suna ɓullowa daga gonakin rake a guje suna kururuwa.

Walubengo ya karkata kunne, fuskarsa ta washe. "Kun ji? Har daga ƙetare suna zuwa. A ƙaro itace!"

Sai ya juya ya ga wadda ke kan gaba tana shigowa ƙofar gida. Surukarsa ce. Namiji kuwa ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya tsayawa inda take, ko a hanya suka haɗu sai ya faɗa daji. Walubengo duk shirmensa yana da wannan tarbiyyar. Ya yi wuf ya faɗa ɗaki, ya ja ƙofa da ƙarfi. Dogarin ya sauko ya danne ta, ta kulle kanta.

Masu kuka suka cika tsakar gida. Namaemba ta tari uwarta tana riƙe kafaɗunta.

"Mama, ki tsaya. Yana ciki, lafiyarsa ƙalau."

"Na sani, 'yata, yana ciki. Ya huta. Ke ma kin huta."

"Mama, da ransa!"

"Haka na ce ranar da babanki ya tafi. Ku riƙe ta, kada ta faɗa wuta."

Mata huɗu suka rungume ta suka zaunar. Ni ma na yi ta ɗaga murya ina cewa ba mutuwa aka yi ba, wata ƙatuwa daga ƙetare ta danna kaina a ƙirjinta tana shafa bayana, tana cewa in yi kukana kada in haɗiye. Waɗanda suka zo da kwano tun farko sun san gaskiya, amma wasu dariya ta hana su magana, wasu kuma sun lissafa cewa a gidan makoki dole a yanka bijimi, abin da ya fi shingen da ba a gani ba. Masu taɓare suna ta aikinsu, don ba a ce su tsaya ba. In ma Walubengo yana ihu a ciki, ba wanda ya ji.

Aka shiga yabon mamaci yadda aka saba, kowa ya zagaya ɗakin yana faɗin abin da ya rasa.

"Wayyo Walubengo! Wa zai ƙara ba mu labarin Eldoret?"

"Wayyo bakin da ba ya gajiya, yau ka yi shiru!"

"Kajinka sun riga ka, ka je ka same su!"

A cikin wannan hayaniyar dagaci ya iso a bayan ɗan acaɓa, da ɗan dokarsa a wani, sandar mai unguwa a hannu. Yana ganin hali ya cire hula. Ɗan doka ya daka tsawa, masu taɓare suka tsaya, domin ko maye ya san kaki. Wuri ya yi tsit, sai shessheƙa.

"Jama'ar Sikulu," in ji dagaci, "na zo da farin ciki, na tarar da baƙin ciki. Mun yi rashin babban mutum, ginshiƙin al'umma, wanda na sani tun yana yaro, wato marigayi..." Ya sunkuya wajen ɗan doka. "Wa ya mutu?"

"Walubengo, ranka ya daɗe," in ji wata murya daga baya.

"Marigayi Walubengo. Ba za a maye gurbinsa ba. Amma gari ba ya zama babu shugaba, kuma ina da wani taron a gaba. Tunda ɗan takara ɗaya ya rage, ina Situma?"

Sai aka ji murya daga cikin ɗaki, a shaƙe, kamar daga rijiya. "Ƙarya ne! Ban mutu ba! Kada a ba shi!"

Matan ƙetare suka watse suna ture juna. Nabwile ta zube a ƙasa tana kiran sunan kakanninta. Dagaci ya koma bayan ɗan doka, ɗan doka ya koma bayan babur.

Muka ji ya bangaji ƙofa, ba ta motsa ba. Muka ji ya sake. Daga nan, yadda ya ba da labari daga baya, ya ja da baya don ya taho da gudu, bayansa ya daki ginshiƙi. Ba wata ƙara mai ƙarfi aka ji ba, wani ɗan ɓurus ne kawai. Jinkar ta yi ajiyar zuciya, ta lotsa daga tsakiya, ta sauka cikin ɗakin a hankali da jiƙaƙƙun bargunan gari duka a kanta. Bango ya buɗe gefe biyu ya kwanta. Jar ƙura ta rufe mu.

Namaemba ta fizge daga hannun matan ta ruga, wannan karon kukanta na gaske ne. "Baban Khisa! Baban Khisa!" Duk abin da ya yi mata, mijinta ne, kuma ni ma a wannan lokacin dariya ta bar ni.

Sai wani bargo ya motsa. Nawa ne, mai ratsin ja. Kai ya ɓullo ta ƙarƙashinsa, ja wur da ƙasa, ciyawa a kunne, ido biyu suna ƙyaftawa. Shinge ko ɗaya bai tashi ba. Abin da ya fito dai gara ce fara fat, tana malala ta ko'ina, da masu jan kai masu cizo, waɗanda suka riga suka kama aiki a wuyansa. Kajin maƙwabta suka shigo ta ƙarƙashin danga suka hau walima, su kaɗai suka ci abin da aka yi alkawari.

Abokansa suka yunƙura za su jawo shi, tsoho Mangoli ya tare su da sanda. "Kada wanda ya taɓa shi. An yi masa kuka. Mutumin da aka yi wa kukan mutuwa ba a gaisawa da shi, ba a cin abinci da shi, sai an yanka tunkiya an wanke shi."

Dole ya fito da kansa. Ya yi ta mutsu-mutsu yana jan jiki ta cikin karyayyun itatuwa, wani tsinin itace ya kama wandonsa ta baya. Ya fizga. Muka ji ƙyaaat. Ya miƙe tsaye a kan tarkacen ɗakinsa, bayan wandon gaba ɗaya ya zauna a jikin itacen yana lilo. Shi bai sani ba, cizo ya hana shi jin iska.

"Ranka ya daɗe," ya ce yana haki, "ga ni da raina. Abin da kuka gani gwaji ne. Na so in san wa zai yi mini kuka da gaske. A yi zaɓe yadda aka faɗa."

Dagaci ya leƙo daga bayan babur, ya mayar da hularsa. "Ka tabbata ba ka mutu ba? Na riga na yi jawabi."

"A yi layi!" in ji Walubengo.

Sai idonsa ya kusa faɗawa kan surukarsa, wadda aka tayar aka zaunar a kan turmi tana shan ruwa. Nan take ya yi abin da ɗan mutunci ke yi, ya juya mata baya. Nabwile ta ɗago kai daga moɗa. Ruwan ya fito mata ta hanci. Ta ja gyale ta rufe fuska tana salati irin na cocinsu, duk matan da ke wannan gefen suka yi ƙasa da kai, kafaɗunsu suna rawa.

"Duk mai son ci gaban Sikulu," in ji Walubengo da babbar murya, hannu a ƙugu, "ya tsaya a bayana!"

Mutane suka fara tafiya bayan Situma. Layi ya miƙe ya fita ƙofar gida, ya bi danga, ya lanƙwasa wajen gonar ayaba. Masu taɓare suka dubi Mangoli, suka dubi abin da ke bayan ubangidansu, suka ajiye taɓare suka bi sahu. Malam Wakoli har da sauri. Ni na fara zaro bargona daga cikin laka tukuna, sannan na tafi.

Ya rage shi kaɗai a kan tarkace, yana kallon gaba, gara tana yawo a gashinsa. Tausayinsa ya kama ni, ban so ba.

Sai Namaemba ta tashi. Ta goge hawayenta, ta taka karyayyun itatuwa ta hau, ta je ta tsaya daf da bayansa, ta ware mayafinta da hannu biyu. Ya ji motsinta, ya waiga kaɗan, ƙirjinsa ya sake kumbura.

"Kun gani?" ya ce. "Wadda ta fi kowa sanina ke nan. Ranka ya daɗe, a fara ƙirga daga nan."

Dagaci ya ɗaga sanda ya nuna ta. "Walubengo, mutum ɗaya."

"A'a, ranka ya daɗe, kada a ƙirga ni," in ji Namaemba. "Mazaunansa nake rufewa, uwata tana wurin. In an samo masa wando, a riƙe mini wuri a layin Situma."